BARASA DA HAƊE-HAƊENTA
Darasi domin sabbin masu bi da masu neman sanin hanya



Tun da ka soma bin Ubangiji Yesu, ko kuwa tun da ka soma tambaya a kan hanyarsa, watakila ka ji wani ya ce, "Ai masu bi ba a hana su sha ba." Watakila kuma an riga an kira ka biki ko walimar wurin aiki, an miƙo maka tambulan mai sanyi, da ƙanƙara a ciki da yankan lemo a bakinsa, mai miƙowa yana cewa, "Karɓi, malam, lemo ne kawai da ɗan abu kaɗan." Domin wannan sa'a aka rubuta darasin nan. Mutum ba ya iya tsare kansa daga abin da bai sani ba. Saboda haka za mu gaya maka a fili ko mene ne barasa, da irinta, da yadda ake haɗa ta, sa'an nan mu duba abin da ya dace da wanda ake kira da sunan Kristi.

1. Bambancin giya da barasa

Ka san yadda ake yin burukutu. A jiƙa dawa ta tsira, a niƙa, a dafa, a ajiye ta yi tsami. Akwai waɗansu ƙananan halittu da ake kira yisti, ido ba ya ganinsu. Su ne suke cin zaƙin hatsin, su mai da shi alkohol, watau abin nan da ke kawo maye. Haka ake samun fito da bammi, da giyar kwalba, da ruwan inabi. Amma wannan aiki yana da iyaka, gama sa'anda alkohol ya kai wajen kashi 15 cikin 100, sai ya kashe yistin da ya yi shi, aikin ya tsaya. Giyar kwalba takan tsaya wajen kashi 5, ruwan inabi kuwa wajen kashi 12.

Mutane suka sami dabarar ƙetare wannan iyaka. Ruwa ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 100, amma alkohol yakan tashi tun a digiri 78. In aka ɗora giya a wuta cikin tukunya rufaffiya, tururin alkohol ne ke fara fita. Sai a bi da shi ta cikin bututu mai sanyi, ya koma ruwa, ya ɗiɗɗiga cikin wani mazubi. Abin da ya ɗiga shi ne barasa. Yawancin wadda ake sayarwa a kwalba kashi 40 cikin 100 ce, watau ta ninka giyar kwalba ƙarfi har sau takwas.

Masanan Larabawa ne suka kyautata irin wannan tukunya, suna yin ruwan wardi da magunguna da ita. Kalmar alkohol ma daga sunan kwalli ta fito a Larabci. Wajen ƙarni na 12 likitocin Italiya suka soma yi wa ruwan inabi haka, suna ba marasa lafiya da cokali. Daga baya abin ya fita daga hannun likita ya shiga kasuwa. Ka riƙe wannan a zuciyarka: a zamanin annabawa da manzanni ba a sha barasa irin wannan ba.

2. Manyan irinta guda shida

Wuski daga hatsi ake yinsa, musamman sha'ir. Gidansa Sikotlan da Ailan, kuma ma'anar sunansa a tsohon harshensu ita ce ruwan rai. Dokar Sikotlan ta ce sai ya kwanta shekara 3 a cikin gangar itacen oak kafin a kira shi da sunan ƙasar. Daga itacen yake samun launinsa. Na Amurka da ake kira Bourbon yawancinsa masara ce.

Barandi ruwan inabi ne da aka ɗora a wuta kamar yadda muka faɗa. Sunan daga harshen Holan yake, ma'anarsa ƙonannen ruwan inabi. Wanda ya fi suna shi ne na yankin Cognac a Faransa.

Ram daga rake ake yinsa, daga baƙin ruwan nan mai kauri da ke ragewa bayan an fid da sukari. A tsibiran Karibiyan ya yi ƙarfi cikin ƙarni na 17, a gonakin da bayi daga Afirka suke noma. Aka riƙa kawo shi bakin tekun Afirka ana musayarsa da waɗansu bayin, su kuma a kai su noman raken. Sojan ruwan Ingila sun daɗe ana ba su rabon ram kowace rana, sai a ranar 31 ga Yuli 1970 aka daina.

Jin barasar hatsi ce da aka ba ta ƙanshin 'ya'yan wani itace mai suna junifa. Daga Holan ta shiga Ingila. A farkon ƙarni na 18 ta yi arha ƙwarai a Landan, talakawa suka dulmuya cikinta, maza da mata, har aka bar yara ba mai kula da su. Sai da majalisa ta yi dokoki bi da bi, har da ta 1751, kafin abin ya lafa.

Bodka ta Rasha da Polan ce, daga hatsi ko dankalin Turawa. Ma'anar sunan ɗan ruwa. Ana tace ta har ta zama fara sol, kusan ba ƙanshi ba ɗanɗano. Ita ce ta fi sauƙin ɓoyewa cikin lemo.

Tekila ta ƙasar Meksiko ce, musamman jihar Halisko. Daga gindin wani tsiro mai suna agabe ake yinta, mai kaurin ganye kamar kabar giwa.

Sunaye shida, ƙasashe dabam dabam, farashi dabam dabam. Amma abin da ke sa maye a cikinsu duka ɗaya ne. Kwalbar attajiri da ledar ɗan kasuwa, hanta ba ta san bambancinsu ba.

3. Yadda ake haɗa ta

Barasa tsagwaronta tana ƙona harshe da maƙogwaro. Wanda bai saba ba, in ya kurɓa, yakan yi tari, ya yamutsa fuska. Wannan zafi kamar mai gadi ne a bakin ƙofa, yana cewa, "Tsaya, abin nan ya fi ƙarfinka." To, haɗin da Turawa ke kira koktel sana'a ce ta sallamar mai gadin nan.

A shekarar 1806 wata jarida a jihar New York ta Amurka ta bayyana koktel da cewa barasa ce da sukari da ruwa da ɗan magani mai ɗaci. A 1862 wani mai sayar da sha, Jerry Thomas, ya buga littafin haɗe-haɗe a can. Har yau ginin ɗaya ne: a sa barasa ta zama tushe, a kawo zaƙi ya rufe zafinta, a kawo tsami ya rufe nauyin zaƙin, a kawo ƙanƙara ta kashe harshe. Ga kaɗan daga cikin waɗanda za ka iya gamuwa da su:

Mojito, na ƙasar Kuba: ram da lemun tsami da sukari da na'ana'a da ruwan soda.
Margarita: tekila da lemun tsami da wata barasa mai zaƙi mai ƙanshin lemo, da gishiri a bakin tambulan.
Martini: jin da ɗan ruwan inabi mai kayan ƙanshi. Kusan dukansa barasa ne.
Pina Colada, na Puerto Rico: ram da madarar kwakwa da ruwan abarba.
Jin da tonik: Turawan Ingila a Indiya suna shan kwinin saboda zazzaɓin cizon sauro, suka riƙa haɗa ruwansa da jin. Kwinin da ke cikin tonik na yanzu bai isa ya yi maganin zazzaɓi ba.
Long Island: bodka da jin da ram da tekila da barasar lemo, biyar ke nan, da lemun tsami da ɗan kola. Launinsa kamar shayi mai sanyi, amma babu ganyen shayi ko ɗaya a ciki.

Akwai kuma abin lura a tarihin Amurka. Daga 1920 zuwa 1933 dokar ƙasar ta hana yin barasa da sayar da ita. Mutane suka koma dafa ta a ɓoye, mai wari da mugun ɗanɗano, suna zuba mata zuma da ruwan 'ya'yan itace domin ta shiga. Doka ta rufe shaguna, amma ba ta iya taɓa sha'awar zuciya ba. Wannan aiki sai Allah.

4. Lissafin abin da ke cikin tambulan

Za a ce maka, "Ai an tsinka ta da ruwa." Gaskiya ne ruwa ya rage zafinta a baki. Amma in ka zuba gishiri cokali uku cikin moɗa, ko ka zuba shi cikin tulu, in dai ka shanye, gishiri cokali uku ka sha.

Ga lissafin. Ƙaramin finjali na barasa, mililita 30, yana ɗauke da alkohol kusan giram 10. Babbar kwalbar giya mai mililita 600 tana da wajen giram 24. Tambulan ɗaya na Long Island, in an auna shi bisa ga ƙa'ida, barasa mililita 75 ce a ciki, watau kusan daidai da babbar kwalbar nan. A gidan biki kuwa wa ke aunawa? Hantar mutum ba ta iya fid da abin da ya wuce giram 7 zuwa 10 a sa'a guda. Ba abin da ke hanzarta ta, ko wanka, ko gahawa, ko goro. Wanda ya sha tambulan uku da tsakar dare, da asuba sa'anda ya hau babur ya ɗauki ɗan wani, abin yana nan cikin jininsa.

Zaƙi da sanyi suna sa a sha da sauri, cikin da ba abinci kuwa yana tura abin cikin jini nan da nan. In an haɗa barasa da lemun ƙara kuzari, gyangyaɗin da zai tsai da mai sha ba ya zuwa, sai ya yi ta ƙari yana tsammani garau yake. Abin da barasa ke fara kashewa a kan mutum shi ne hankalin da zai gaya masa ya isa.

Na shekaru kuwa ya fi na dare ɗaya nauyi. Hanta takan taurare ta ƙi aiki. Jini yakan hau. Tun 1988 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa abin sha mai alkohol cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo wannan cuta. Hukumar kuma ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 sha ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 2.6 a duniya. Ke kuma 'yar'uwa, in kina da ciki, ki sani abin da kika sha jaririn ma ya sha, yana kuwa iya lalata masa ƙwaƙwalwa har ƙarshen ransa.

5. Yadda ta iso gare mu

Kakanninmu sun san giya, amma barasa baƙuwa ce, ta teku ta zo. Cikin ƙarni na 19 jiragen ruwa suka yi ta sauke akwatunan jin mai arha daga Holan da Jamus, har a waɗansu kasuwannin kudancin Nijeriya kwalbar jin ta zama kamar kuɗi. Ta hau kogin Kwara tare da fatake. Cikin shekarun 1880 Etsu Nupe Maliki ya aika wa Bishop Samuel Ajayi Crowther wasiƙa, yana kuka cewa barasa ta ɓata masa ƙasa da mutane, yana roƙo a kai maganar gaban Sarauniyar Ingila a hana kawo ta. Ka lura da kyau: sarki Musulmi ne ya kai kuka wurin bishop Kirista, gama ya amince shi ma ba ya son abin. Bishop Herbert Tugwell, wanda ya je Kano a 1900, shi ma ya yi shekaru yana yaƙi da wannan ciniki.

A taron Brasels na 1890 ƙasashen Turai suka yarda kada a shigar da barasa inda ba ta riga ta kafu ba, arewacin Nijeriya kuwa ya shiga cikin wannan hani. Sa'anda ta waje ta yi tsada, wajen 1930, sai mutane suka koyi dafa tasu daga bammi: ogogoro a Nijeriya, akpeteshie a Gana. Irin wannan tana da haɗari na biyu. In an yi ta da ganganci, ko an ƙara mata sinadari domin riba, takan ƙunshi wata guba mai suna metanol, wadda ke makantarwa, tana kisa. A 2015 mutane da dama sun mutu ta haka a jihohin Ondo da Ribas. In an zuba ta cikin lemo mai zaƙi, harshe ba zai gane ba.

6. Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya

Ba za mu faɗa maka abin da Littafi bai faɗa ba. Akwai ruwan inabi a cikinsa. Ubangiji ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a bikin Kana, Bulus kuma ya shawarci Timothawus ya sha kaɗan saboda ciwon cikinsa. Domin wannan waɗansu ikilisiyoyi sun yarda da sha kaɗan, waɗansu kuwa, har da yawancin na ƙasashenmu, suna kiran 'ya'yansu su bari ɗungum. Amma a kan maye bakinsu ɗaya: zunubi ne.

Ka buɗe Farawa sura 9 ka ga Nuhu, mutumin da ya tsira daga ruwan tsufana, yadda ruwan inabi ya kwantar da shi tsirara, abin ya zama tsiya a gidansa. Ka ga Lutu a sura 19. Ka ga sarki Belshazzar a Daniyel sura 5, wanda ya sha da tasoshin Haikali, a daren nan kuwa ya rasa ransa da mulkinsa. Misalai sura 23 ta zana mashayi kamar kana ganinsa, ta kuma yi gargaɗi musamman a kan kyaun abin a ido da daɗin wucewarsa a maƙogwaro. A Galatiyawa sura 5 an lissafta maye cikin ayyukan jiki, an kuma lissafta kamewa cikin 'ya'yan Ruhu. In an yi wannan gargaɗi duka a kan abin da ƙarfinsa bai wuce kashi 15 ba, wanda ma sau da yawa mutanen dā sukan tsinka da ruwa, ina misalin mai kashi 40 da aka lulluɓe da sukari?

Ka auna kanka da tambaya uku.

Ta fari: wa ke mulkina? A 1 Korinthiyawa sura 6 Bulus ya koya cewa jikin mai bi mazaunin Ruhu Mai Tsarki ne, an saye shi da tsada, bai kamata kuma wani abu ya mallake shi ba. Ba mashayin da ya fara da niyyar zama bawa. Kowa da kurɓi ɗaya ya soma, ba kuwa wanda ya san tun farko ko shi ne zai iya tsayawa.

Ta biyu: wa ke kallona? A Romawa sura 14 an koya mana mu bar ko abin da muke gani halal ne, in zai sa ɗan'uwa tuntuɓe. Watakila a bencin da kake zama ran Lahadi akwai wanda ya fito daga bautar kwalba da hawaye. In ya ga tambulan a hannunka, ya koma, me za ka ce wa Ubangijinsa? Danginka kuma da maƙwabtanka da ba su bi ba suna dubanka. Da yawa sun ɗauka mutum ya zama Kirista ne domin ya sami damar sha. In sun gan ka kana tangaɗi, ba sunanka kaɗai za su zaga ba.

Ta uku: kuɗin wa nake zubarwa? Ka lissafta na mako, ka ninka sau 52, ka ajiye shi kusa da kuɗin makarantar ɗanka da buhun dawar gidanka.

Domin waɗannan dalilai shawararmu gare ka ita ce ka bar barasa da dukan haɗe-haɗenta. Ba bari ne ke ceton mutum ba, alherin Kristi ne. Amma wanda aka cece shi ba ya wasa a bakin rijiyar da aka fid da waɗansu daga cikinta.

7. Abin da za ka yi

Ka yanke shawara tun kana gida, gama a tsakiyar kiɗa da abokai ba a yin shawara mai kyau. In an miƙo maka tambulan, ka tambaya me ke ciki. Ko Chapman da ake sha a bukukuwan Nijeriya, wanda yawanci lemo ne, akan ɗiga masa magani mai ɗaci da ke da alkohol, waɗansu kuma sukan ƙara masa jin ko bodka. Tambaya ba abin kunya ba ce. Kada ka bar abin shanka a tebur ka tafi ka dawo masa. Ka ƙi da fara'a, da kalmomi kaɗan: "Na gode, ba na sha. A ba ni zoɓo ko ruwa." In aka matsa maka har sau uku, ka yi sallama. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

In kai ne mai biki, ka cika wa baƙinka kunun aya da zoɓo da lemun citta da fura, kada wani ya fara sha a ƙarƙashin rumfarka.

Kada kuwa ka raina mashayi ko ka yi masa dariya. Ɗan'uwa ne da ya faɗi. Ka kai shi gida, ka kwantar da shi a gefensa, kada a rigingine, domin kada amai ya shaƙe shi. In ba ya farkawa, a kai shi asibiti maza. Magana kuwa sai gari ya waye.

In kai ne abin ya riga ya kama, kada ka fid da zuciya, kada kuma ka ɓoye. Ka gaya wa fasto ko wani dattijo amintacce. In ka daɗe kana sha kullum, har hannunka na rawa da safe, kada ka yanke rana ɗaya kai kaɗai, gama hakan na iya kawo jijjiga da ruɗewa har da mutuwa. Ka je wurin likita ya taimake ka ka bari lafiya. Neman magani ba rashin bangaskiya ba ne. In ka faɗi bayan ka tashi, ka sake tashi a ranar, ka koma cikin 'yan'uwa. Wanda ya karɓi Bitrus bayan ya yi musunsa sau uku ba zai kore ka ba.

Tambayoyi domin nazari

1. Ta yaya barasa ta bambanta da giya, kuma sau nawa ta ninka ta ƙarfi?
2. Wane aiki zaƙi da tsami da ƙanƙara suke yi a cikin haɗin?
3. Don me zuba ruwa ba ya rage abin da ya shiga jiki?
4. Waɗanne tambayoyi uku mai bi zai yi wa kansa?
5. Wa ka sani da ke bukatar taimakonka cikin wannan mako?

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, kai ka yi jikina, ka kuma fanshe shi. Ka ba ni idon ganin tarko ko an rufe shi da zaƙi, da bakin cewa a'a ba tare da girman kai ba. Ka kwance waɗanda kwalba ta ɗaure, ka ta'azantar da matansu da 'ya'yansu. Kada wani ya yi tuntuɓe ta dalilina. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.